Tsutsar masara ta kwana uku da rai bayan feshi: jabu ne, ko aikin homon ne?

"Assalamu alaikum Malam. Ina noman masara da kabeji a fadamar Jiratawa. Bana tsutsar nan mai cin zuciyar masara ta dame ni, na sayo wani magani da aka rubuta lufénuron a jikin kwalbarsa. Mai shagon ya ce mini ba irin mai kashewa nan take ba ne, wai homon ɗin tsutsar yake taɓawa ya hana ta girma. Na fesa, bayan kwana uku na buɗe masara na tarar da su da ransu. Jabu aka sayar mini ne? Sannan ɗana da ke karatun noma a jami'a ya ce yanzu an gano ƙwayoyin gadon da ke sarrafa girman ƙwari, har ana iya kashe su kamar yadda ake kashe fitila. Don Allah a warware mini gaskiyar wannan magana, da abin da za ta amfane mu a gona."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a noman. Tambaya biyu ka ƙulla wuri guda: me ya sa maganin bai kashe da wuri ba, kuma me ke juya girman tsutsa daga ciki. Igiya ɗaya ce ta ɗaure su, shi ya sa zan fara da ta biyun. Amma don hankalinka ya kwanta tun yanzu: kwana uku bai isa a yanke wa lufénuron hukunci ba, mai shagon rabin gaskiya ya faɗa maka, ɗanka kuma ya faɗi gaskiya, sai dai yawancinta gaskiyar ɗakin bincike ce da ba ta iso kantin magani ba tukuna.

Rigar da ba ta buɗewa

Ƙwaro ba shi da ƙashi a ciki. Fatarsa ce ƙashinsa, an saƙa ta da wani zare mai suna kitin haɗe da furotin. Jikin tsutsa yana da ɗan taushi, amma kwanson kanta da muƙamuƙanta ba sa ƙaruwa ko kaɗan. In ta ci ta cika rigar, dole ta ɗinka sabuwa a ƙarƙashin tsohuwar, ta narkar da cikin tsohuwar, ta tsaga ta ta fito. Saɓa ke nan, irin ta maciji. Tsutsar masararka, wadda aka fara gani a Afirka ta Yamma a farkon 2016, matakai shida take bi. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 2 zuwa 3, tsutsa ta yi wajen mako biyu in da zafi, ta sauka ƙasa ta dunƙule cikin kwanso na kwana 8 zuwa 9, sannan ta fito malam-buɗe-littafin dare mai zuba ƙwai. Zagayen duka wajen kwana 30 ne.

Riƙe wannan lissafin, don zai dawo: matakai uku na farko duka ba sa cin kashi 2 cikin ɗari na ganyen da tsutsar za ta ci a rayuwarta. Mataki na shida shi kaɗai yana cin kusan kashi 77.

Saɓa ba ta zuwa haka kawai. Saƙo ake aikawa ta cikin jini, kuma saƙon shi ake kira homon. Wani masani ɗan Folan, Stefan Kopeć, shi ya fara nuna haka tsakanin 1917 da 1922, da gwajin da zare kawai yake buƙata. Ya ɗaure tsutsa a tsakiya tamau. In ya ɗaure da wuri, gaban jikin ne kaɗai ke dunƙulewa, baya ya zauna tsutsa. In ya makara, duka jikin ya dunƙule, domin saƙon ya riga ya wuce. Daga baya aka gane sarkar: ƙwaƙwalwa tana sakin homon mai suna PTTH, shi kuma ya tayar da wasu ƙullutai biyu a ƙirjin tsutsa, su kuma su zubo homon ɗin saɓa, wato ekdison. A 1954 Butenandt da Karlson a Jamus suka tace shi, kuma sai da suka matse kilo 500 na dunƙulallun tsutsar siliki kafin su samu miligiram 25. Wannan ya isa ya nuna maka ƙanƙantar abin da ke juya jikin gaba ɗaya.

Homon na biyu daga wasu ƙananan ƙullutai yake fitowa a bayan ƙwaƙwalwa, kuma ana kiransa homon ɗin ƙuruciya. Ekdison yana cewa "yi saɓa", shi kuma na ƙuruciya shi ke faɗin irin rigar da za a ɗinka. In yana da yawa a jini lokacin da ekdison ya zo, tsutsa ta sake fitowa tsutsa, babba kawai. In ya janye, saɓar ta kai ta ga dunƙulewa, daga nan ga fiffike. A jikin babbar mace kuma, kamar fara, homon ɗin ƙuruciyar ya kan dawo da wani aiki dabam: shi ke sa a tara gwaiduwa a ƙwai.

Ƙwayoyin gadon da ɗanka yake nufi

Kowane homon sai an ƙera shi, kowace gaɓar ƙirar tana da inzayim ɗinta, wato furotin mai gudanar da aikin wannan gaɓa, kowane inzayim kuma yana da ƙwayar gadon da ke ɗauke da rubutaccen umarninsa. Ekdison daga wani dangin kitse mai suna kolestarol ake ƙera shi, ƙwaro kuma ba ya iya haɗa kolestarol da kansa. Daga ganyen da ya ci yake samun danginsa, ya juya shi. Ƙwayar gadon da ake kira neverland ita ke fara sassaƙa kolestarol ɗin. Sai shroud da spook su karɓa a wata gaɓa da masana suka daɗe suna kira "baƙin akwati". Sai phantom, sai disembodied, sai shadow, kowace ta liƙa wa sinadarin wani ɗan kunne a gurbi na musamman, har ya zama ekdison. Ta ƙarshe, shade, ba a ƙirji take aiki ba. A kitse da hanji da sauran sassa take juya ekdison zuwa siffarsa mai ƙarfi da ake taƙaitawa 20E. Yawancin sunayen nan, ban da neverland, na fatalwa da inuwa ne a Ingilishi, kuma da dalili: a ɗan ƙudan 'ya'yan itace aka fara gano su a shekarun 1980, inda ɗan tayin da ya rasa ɗaya daga cikinsu ke mutuwa a ƙwai babu fata, fayau kamar fatalwa. An warware aikin yawancinsu a shekarun 2000, kuma an same su a tsutsotsin gona da fara.

Homon mabuɗi ne, sai da kwaɗo. Kwaɗon 20E furotin biyu ne a manne, EcR da USP. In mabuɗi ya shiga, sai ƙwayoyin gado su riƙa tayar da juna bi da bi: tsutsa ta daina ci, fata ta rabu da nama, a fara zuba sabon kitin. Ga wani abu da ya fi komai muhimmanci a wajenmu: saɓa ba ta kammaluwa sai 20E ya ragu. Hawansa ke fara aikin, saukarsa ke ba da izinin sakin homon ɗin da ke sa tsutsa ta yi ta murɗa jiki ta fice daga tsohuwar fata, da wanda ke taurara sabuwar ya ba ta launi. Akwai ƙwayar gado mai suna CYP18A1 da aikinta shi ne lalata 20E a kan lokaci.

A ɓangaren ƙuruciya, JHAMT ita ce babbar mai ƙera homon ɗin. Kwaɗonsa Met, wanda aka gano a 1986 a jikin ƙudajen da suka ƙi mutuwa da maganin méthoprène. In homon ɗin ya shiga Met, sai a tayar da Kr-h1, ita kuma ta danne wata mai suna E93, wadda ita ce mai cewa "girma ya zo". Tsakaninsu akwai Broad, mai kula da matakin dunƙulewa. In masu bincike suka rufe Kr-h1 ko JHAMT, tsutsa ta kan yi gaggawar dunƙulewa tun ba ta isa ba. In suka rufe E93, ƙwaro ya kasa zama babba, ya yi ta maimaita matakin baya. Wannan shi ne "kashe fitila" da ɗanka ya faɗa, kuma an yi shi a ƙwari da yawa.

Me ke gaya wa tsutsa cewa ta isa? Nauyi da abinci. A wata babbar tsutsar taba da aka yi nazari a Amurka, sai ta kai wajen giram 5 a matakinta na ƙarshe kafin homon ɗin ƙuruciya ya janye. Shi ya sa tsutsar da ke kan ganye mara daɗi, ko ta gamu da sanyin hunturu, take jan kwanaki, wani lokaci har ta ƙara mataki. Masarar rani da aka shuka cikin Disamba ko Janairu a fadama, saɓar tsutsarta ta fi ta damina jinkiri, kuma duk maganin da ke jiran saɓa zai yi jinkiri tare da ita.

Inda mai shagon ya kauce

Lufénuron ba ya taɓa homon. Shi da 'yan uwansa diflubenzuron da téflubenzuron, waɗanda ke rukuni na 15 a lissafin rukunonin maganin ƙwari, inzayim ɗin da ke saƙa kitin suke tarewa. Homon ya ba da umarni daidai, tsutsa ta fara saɓa daidai, amma sabuwar rigar ta fito ba zare. Sai ta kasa fita daga tsohuwar, ko ta fito jiki ya tsage ruwa yana tsiyaya, ko muƙamuƙi ya yi laushi ta kasa tauna. Abin lura, tsutsar da ta ci maganin yau lafiyarta ƙalau har ranar saɓarta. Ƙarama tana saɓa duk kwana biyu ko uku, don haka mutuwa ta kan fara bayyana daga kwana na uku zuwa na bakwai. Babba ta mataki na shida kuwa ba ta da sauran saɓar tsutsa. Za ta cinye kasonta na kashi 77 ɗin nan cif, ta sauka ƙasa, can ta lalace wajen dunƙulewa. Ta mutu, amma masararka ta riga ta biya.

Masu taɓa homon na gaskiya rukuni biyu ne. Na farko, rukuni na 18, su tébufénozide da méthoxyfénozide, mabuɗin jabu ne da ke shiga kwaɗon EcR ya ƙi fita. Tsutsa ta daina ci cikin sa'o'i, ta fara saɓar da ba lokacinta ba, kwanson kai ya zamo gaba ya rufe sabon bakin. Tunda jikinta ba ya iya lalata wannan mabuɗin kamar yadda yake lalata 20E, izinin fita ba ya zuwa, ta mutu da yunwa da bushewa a cikin tsohuwar fatarta. In ka duba da kyau za ka ga kamar kai biyu gare ta. Alherin wannan rukuni shi ne siffar kwaɗon ta bambanta tsakanin dangogin ƙwari, maganin ya fi kama na tsutsotsin malam-buɗe-littafi, ya fi sauƙi a kan zuma da ƙananan zanzaron da ke taimakonmu.

Na biyu, rukuni na 7, masu kwaikwayon homon ɗin ƙuruciya, irin pyriproxyfène. Wani labari a tarihinsu abin dariya ne: a tsakiyar shekarun 1960 wani masani, Karel Sláma, ya kai wasu ƙwari daga Turai zuwa jami'ar Harvard, suka ƙi girma, aka yi ta neman dalili, ashe takardar da aka shimfiɗa musu ce, an yi ta da itacen da ke ɗauke da sinadari mai kama da homon ɗin. Waɗannan suna da amfani a kan farin ƙudan tumatir, suna hana ƙwai ƙyanƙyashewa, suna hana 'ya'ya kai wa girma. Amma a kan tsutsar masara ko ta kabeji, a ganina kuskure ne a dogara da su. Mai ɓarna a gonarka ƙuruciyar ce, kai kuma ka sayi abin da ke tsawaita ƙuruciya.

Yadda za ka gane abin da ya faru a gonarka

Kada ka ƙirga gawa, domin ƙananan da suka mutu suna bushewa su ɓace. Sabon ci za ka duba. A kwana na biyar da na bakwai, shiga gonar da sassafe, ka tsaya wuri biyar a warwatse, kowane wuri ka buɗe masara goma, hamsin ke nan. Kashin tsutsa ɗanye, mai laima kamar jiƙaƙƙiyar dusa, alamar tana ci. In ya bushe, sabon ganyen da ke fitowa kuma ba huji, magani ya yi aiki ko da ka ga wata tana motsi. Ɗauko masu ran ka duba: mai kumburi a bayan kai, mai baƙin tabo, mai jan tsohuwar fata a gindi, duk sun kamu. In kuwa a kwana na bakwai ƙanana 'yan ƙasa da santimita ɗaya suna ci da ƙarfinsu, to akwai matsala, kuma ga inda na saba samunta bi da bi.

Girman tsutsa shi ne na farko, kuma shi ya fi yawa. Manomi ba ya lura sai ganye ya yayyage, lokacin tsutsa ta kai santimita 3. Lokacin lufénuron shi ne sa'ad da ganye ke nuna fararen tagogi kamar an kankare shi. Ƙa'idar da ake bi ita ce, in masara ƙarama ce kuma 10 cikin 50 ɗin nan suna da sabon ci, a yi feshi. In ta kusa fitar da tuta, sai 20 cikin 50.

Na biyu, isar maganin. Sai tsutsa ta ci shi, kuma ba ya bin jijiyar shuka ya tafi sabon ganye. Tsutsar tana can cikin zuciyar masara ta toshe ƙofa da kashinta. Feshin da ake yi ana kaɗa sanda sama-sama ganyen waje yake jiƙawa. Saita bakin famfo a kan kowace zuciya, da yamma lis ko da asuba lokacin da take fitowa. Masara mai sauri tana fitar da sabon ganye duk bayan 'yan kwanaki, wanda bai ga magani ba, don haka in ana ci gaba da zuba ƙwai, maimaita gwargwadon tazarar da aka rubuta a kwalba.

Na uku, awo. Murfin kwalba ba ma'auni ba ne. Auna fili taku na mita 10 da 10, cika famfo da ruwa zalla, fesa kamar yadda ka saba, ka ga lita nawa ta tafi. In lita 2 ce, to hekta, wato fili na mita 100 da 100, tana cin lita 200, wato famfo mai lita 16 sau goma sha biyu da rabi. In a misali kwalbar ta ce mililita 500 a hekta, kowane famfo mililita 40 ke nan. Sirinji na kantin magani ya fi komai dacewa da wannan.

Sai na huɗu, jabu ko lalatacce. Yana faruwa, musamman a kayan da ke shigowa ba bisa ƙa'ida ba ana zuba su a rana a kasuwa. Duba lambar amincewar kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari, wanda ake taƙaitawa CSP, da ranar ƙarewar aiki. Gwajin gida ma yana yiwuwa: tsinko ganyen da ka fesa ya bushe, ka sa a gwangwani da ƙananan tsutsotsi goma, kowace a nata wurin domin suna cin juna, ka sa wasu goma a kan ganyen da ba magani. Canza ganye kullum. Kwana bakwai za su ba ka amsa.

Na biyar shi ne turjiya, kuma nan ƙwayoyin gado suka sake shigowa. A tsutsar kabeji an gano cewa canjin ɗan gurbi guda a ƙwayar gadon da ke saƙa kitin, gurbi na 1042, ya isa ya sa maganin ya kasa kama inzayim ɗin. Tsutsar masara ma an samu mai jure lufénuron a Barazil. Wadda ta gaji canjin gurbin nan na 1042 ba lufénuron kaɗai ta tsallake ba, duk rukuni na 15 ta tsallake. Saboda haka wanda ya bar lufénuron ya koma téflubenzuron yana cewa ya canza magani, kwalba kawai ya canza. Bi lambar rukuni: rukuni ɗaya na tsawon zagaye ɗaya, wajen kwana 30, sannan a koma wani. Kabejinka ya fi masara haɗarin wannan, don tsutsarsa tana hayayyafa da sauri kuma ana yawan fesa shi. Kuma kada a wanke famfo a magudanar ruwan fadama ko tafkin Madarumfa. Ƙananan halittun ruwa da kifi ke ci su ma da kitin suke yin fata.

Bedi, murzuna da tsutsar kara

Maganin da ya fi kusa da homon a ƙasar nan yana bakin ƙofar gidanka. Ƙwallon bedi, wato dogonyaro, yana ɗauke da azadiraktin, wanda aka tace a 1968, bayan wani masani Bajamushe ya lura a Sudan a 1959 cewa fara ta cinye komai ta bar wannan itacen. Aiki biyu yake yi: yana hana ci, kuma yana tare sakin PTTH daga ƙwaƙwalwa, ekdison ya zo a makare ko ya zo kaɗan, saɓa ta lalace. Haɗin da aka saba shi ne giram 500 na dakakken ƙwallo a lita 10 na ruwa, a jiƙa ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ya toshe famfo, a narka ɗan sabulu a ciki, a fesa da yamma a ranar. Abin da ke ɓata shi sananne ne: ƙwallon da ya yi fumfuna ko ya shekara a rana, tafasa ruwan, ajiye haɗin kwanaki, da feshin tsakar rana, domin hasken rana yana karya sinadarin. Ana maimaitawa duk mako. Ƙa'idarsa ɗaya da ta lufénuron: ƙaramar tsutsa, da haƙuri.

Murzuna mai sassaƙa zangarniyar gero a Dakoro, Mayahi da Tasawa tana nuna wata fuskar. Zagaye ɗaya take yi a shekara. In ta ƙoshi ta sauka cikin rairayi ta dunƙule, ta kwana a nan duk rani, sai wajen wata ɗaya bayan ruwan farko ta fito, daidai da fitar kan gero. A 'yar uwarta tsutsar tumatir da auduga an nuna cewa irin wannan dogon barci rufe famfon PTTH ne: ba saƙo, ba ekdison, ba girma. Wannan sakamakon dangi ne, don haka kwatanci nake yi da shi a kan murzuna. Tsutsar karan gero kuwa a tsutsarta take yin barcin, cikin busasshen kara, kuma a danginta masu huda karan masara da shinkafa homon ɗin ƙuruciya ne ke zama da yawa ya riƙe su. Amfanin sanin wannan a aikace shi ne, mai barci ba ta ci kuma ba ta saɓa, don haka babu maganin hana girma da zai same ta. Ta kara sai a babbaka karan sama-sama ko a shimfiɗa shi kwance a rana kafin a yi darni da shi. Murzuna kuma abin da ya yi tasiri a kanta shi ne ɗan zanzaron nan Habrobracon hebetor da cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suka yi aiki a kansa, wanda ake rabawa cikin 'yan buhunan algarara, kowane da tsutsa 25 da zai hayayyafa a kansu da matan zanzaron biyu, buhu 15 a gari. Dafinsa yana sandarar da tsutsar ya tsayar da girmanta. Duk garin da aka rataya buhunan nan, feshin magani mai kashe kowa da kowa shi ne babban abokin gabarsu.

Ita ma cuta ta san wannan hanyar. Wasu ƙwayoyin cutar bairos masu kama tsutsa suna ɗauke da ƙwayar gado mai suna egt, an gano ta a 1989, wadda ke liƙa wa ekdison sukari ta kashe ƙarfinsa, tsutsa ta kasa saɓa ta yi ta ci tana yi wa cutar kiwo har ta narke. A yaƙin fara kuma, ana fesa diflubenzuron layi-layi da tazara a gaban rundunar 'ya'yan da ba su yi fiffike ba, su ratsa su ci, su mutu a saɓa ta gaba. Farar da ta riga ta yi fiffike ta gama saɓa har abada, wannan magani ba ya kashe ta.

Maganar kashe fitila

Dabarar ana kiranta RNAi. Fire da Mello suka bayyana ta a 1998, suka samu kyautar Nobel a 2006. Ana ƙera ɗan guntun saƙo mai kama da na ƙwayar gadon da ake so a rufe, in ya shiga jikin ƙwaro, jikin da kansa ya yayyaga saƙon nasa na asali. Kyanta shi ne ana iya auna ta a kan nau'i ɗaya. A Amurka an amince da masarar da ke ɗauke da irin wannan saƙo don ƙwaron saiwa a 2017, sannan a ƙarshen 2023 aka yi wa maganin feshi na farko rajista, Calantha, don ƙwaron dankalin Turawa. Lura da abu biyu. Dukansu a kan ƙwari masu taurin baya ne, dangin buzuzu, kuma babu wanda ya nufi ƙwayar gadon homon a cikinsu. Sun zaɓi waɗanda rufe su ke kashewa da sauri.

Manyan abokan gabarmu kuwa, tsutsar masara, ta wake, ta kabeji, murzuna, duk dangin malam-buɗe-littafi ne, kuma a nan dabarar take da rauni. Hanjinsu da jininsu suna da inzayim masu narkar da saƙon kafin ya isa, wanda ya shiga ma ya kan maƙale bai kai inda ake so ba. Fara tana amsawa sosai in an yi mata allura, amma in ta ci ta baki hanjinta ya lalata shi, kuma ba wanda zai bi fara da sirinji. Ƙari a kan haka, ƙwayoyin gadon homon lokaci-lokaci suke kunnuwa, sai saƙon ya tarar da su a kunne. Kada kuma a haɗa wannan da waken SAMPEA 20-T da aka fitar a Najeriya a 2019 daga cibiyar Samaru ta Zariya. Shi furotin ɗin wata bakteriya yake ɗauke da shi mai huda hanjin tsutsar wake, ba ruwansa da homon.

A yanzu dai ribar wannan ilmi a fadamar Jiratawa ita ce sanin lokacin feshi, da sanin dalilin canza rukuni, da gwajin turjiya: tunda an san gurbin da ke canzawa a tsutsar kabeji, ɗakin bincike na iya duba samfuri ya faɗa ko rukuni na 15 ya fara gajiya a wani yanki. Ban ga kwalbarka ko gonarka ba, don haka koma yau ka buɗe masara hamsin ɗin. In waɗanda ka tarar manya ne masu kaurin fensir, lufénuron ba zai cece ka daga gare su ba, a tsince su da hannu in gonar ƙarama ce, ko a nemi malamin gona ya zaɓa maka mai saurin aiki daga wani rukuni. In ƙanana ne kuma kashinsu ya fara bushewa, rataye famfon, ka sake dubawa jibi.